Gauraka ne ko zalɓe?

Sana'ata ɗaukar hoton biki. A Maraɗi nake zaune, kuma yau shekara 11 ke nan ina bin ɗaurin aure da suna da walimar sauka da kyamara rataye a wuya. Waɗanda nake ɗauka ba sa guduna. Su ne ma ke kirana, a gyara hula, a gyara ɗaurin kallabi, a ce in sake don wance ta rufe ido. Shi ya sa da na tashi juya kyamara wajen tsuntsaye na ɗauka duk aikin ɗaya ne, iyaka dai a ƙara wa gilashi tsawo.

Kawuna ne ya jawo mini wannan rigima. Yayan mahaifiyata ne, a Madarumfa yake. Ya yi su a tafki tun yana saurayi, ya kuma yi farauta a dajin Baban Rafi lokacin da shiga dajin bai zama abin tsoro ba. Yanzu tsufa ya zaunar da shi, yana ta rufe masa ido biyu, ba ya gane mutum sai ya yi magana. Amma in ka ƙure hasken waya ka kai masa ita dab da hanci, yakan rarrabe abin da ke ciki. Na je gaishe shi bayan babbar salla, muna zaune a rumfar ƙofar gida, sai wani matashin masunci ya ce shi da idonsa ya ga gauraki biyu a ƙetaren tafki da sanyin da ya wuce. Kawu ko juyowa bai yi ba.

"Zalɓe kag gani," in ji shi. "Rabon da gauraka shi yi kuka bisa ruwan ga, ba a haihe ka ba."

Yaron ya yi ta rantsuwa, yana kwatanta tukkun zinariya da hannu a bisa kansa. Sai Kawu ya juyo inda yake jin numfashina ya ce, "Kai mai na'ura, kullum kana ɗaukar amaren mutane. In gaskiya ta, ɗauko mini shi in gani."

Aka yi dariya aka shiga wata hira. Ni maganar ta zauna mini. Ina yaro duk hutun makaranta wurinsa ake kai ni, shi ya koya mini sunayen tsuntsaye, shi ya kwaikwaya mini rawar gauraka a tsakar gida, yana tsalle da buɗe hannuwa har matansa na rufe baki. Har yau ba zan iya dafa Alƙur'ani in ce na taɓa ganin gauraka a bakin tafkin da idona ba, ta yiwu labarin Kawu ne ya daɗe a kaina har ya koma kamar gani. To ga shi mutumin da bai taɓa roƙona ko goro ba ya roƙi abu ɗaya, kuma abin cikin sana'ata yake.

Ga wanda bai san wurin ba, Tafkin Madarumfa yana kudu da Maraɗi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a babur, ba nisa da iyakar jihar Katsina. Gulbin Gabi ke zuba masa ruwa, gulbin Maraɗi ya ƙara masa in ya yi ambaliya. Jama'a sun fi saninsa da kaburburan waliyyai 99 da ake zuwa ziyara, sai kuma kifi da lambunan rani. A watan Disamba na 2019 aka sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Daga Oktoba zuwa Maris baƙin tsuntsaye kan sauka a nan, ƙananan agwagi da masu dogayen ƙafafu waɗanda suka taso tun daga Turai da Rasha suka ƙetare Sahara, su tarar da ƴan gida: kirinjijiya, dinya, balbela, zalɓe, da zakaran ƙeƙuwa mai tona asirin duk wanda ya doso. Shi kuwa gauraka, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira tsuntsun ƙasarsu, yau ya fi sauƙin gani a tsakar gidan attajiri da yankakken fiffike fiye da a fadama.

Gilashina mafi tsawo mai milimita 70 zuwa 300 ne. A wurin biki ya ishe ni, daga bayan rumfa nake cika hoto da fuskar ango bai sani ba. A watan Nuwamba na kai shi bakin tafki don gwaji. Garken kirinjijiya ya fito mini kamar an watsa riɗi a faifai. Na matsa, suka matsa. Na ƙara matsawa, zakaran ƙeƙuwa ya yi kururuwa, kowa ya tashi. Da na dawo gida na duba kuɗin gilashin gaske mai milimita 600, irin wanda ƙwararru ke ɗora wa ƙafa uku, sai na ga kuɗin mota ne. Na rufe waya.

Wani abokin sana'a ne ya ce mini ai akwai gajeriyar hanya. Wani ɗan gwangwani ne mai gilasai a ciki, bai fi gwangwanin tumatir girma ba, ana ɗaura shi tsakanin kyamara da gilashi. Masu hoto na ce masa telekonbata, ni ina ce masa ɗan ƙari. Akwai mai ninka tsawo sau 1.4, akwai mai ninkawa sau 2. Wato 300 ɗina zai koma 420, ko ya koma 600 cif. Dabarar ma tsohuwa ce, wani masanin lissafi ɗan Ingila mai suna Peter Barlow ya fito da irinta tun shekarun 1830 don na'urar hangen taurari. Ban tsaya dogon tunani ba na ce a samo mini mai sau 2, tunda ba wanda ake nuna wa babba da ƙarami ya zaɓi ƙarami. Na farko da aka kawo bai ma shiga ba, domin gilashinsa na gaba ya turo waje, yana karo da na bayan nawa, ashe irin wannan don manyan gilasai masu tsada aka ƙera shi. Na biyun, na hannu, ya zauna daram. Jika 75 na biya, daga cikin kuɗin kafin alƙalami na wani biki da ban riga na yi ba.

Maiɗakina ta juya shi a hannu, ta leƙa ta ciki kamar mai duba ƙwai, ta ce, "Tsuntsun ne zai biya ka kuɗin hoton?" Na yi shiru. Ta ƙara da cewa da wannan kuɗi aka haɗa da na ƴan'uwa aka wanke wa Kawu ido, da shi da kansa zai je ya duba ko akwai gauraka. Na ce mata ba ta gane harkar ba.

Abin da ni ban gane ba shi ne ɗan ƙari ba ya kawo komai daga waje. Duk hasken da kyamara za ta samu ta bakin gilashin gaba yake shiga, kuma bakin nan bai ƙaru ba. Abin da gwangwanin ke yi shi ne ya ɗebi tsakiyar hoton da gilashi ya riga ya haɗa, ya shimfiɗa shi ya cika wurin duka, ya zubar da gefe-gefe. In ka ninka tsawo da faɗi sau 2, fili ya ninku sau 4, hasken kuwa shi ne dai na ɗazu. Kamar dunƙulen fura ɗaya ne aka yi baƙi huɗu, sai a ƙara ruwa: kowa zai samu kwanonsa cike, amma kowa ya san abin da ya sha. Mai sau 1.4 rabin haske yake ci, mai sau 2 kuwa kashi uku cikin huɗu. A lissafin masu hoto, gilashina da ke buɗe ƙofar haske zuwa f/5.6 in an zuƙe shi ƙarshe, ya koma f/11. Da a ce gilashi mai f/4 ko f/2.8 gare ni, da akwai rarar da za a ci a bar saura. Nawa dama da ƙyar yake ciyar da kansa.

Ban san wannan a jikina ba sai tsakiyar Janairu, ranar da na isa bakin tafki da sassafe, hunturu na yanka kunne. Na kafa ƙafa uku, na sa ido, sai na ga kamar magariba ta yi a cikin kyamara alhali gari na wayewa. Na taɓa maɓalli don ta saita kanta, gilashi ya tafi gaba, ya dawo baya, ya sake tafiya, yana ƙugi kamar mai neman abu a ɗaki mai duhu. Galibin kyamarori irin tawa, masu madubi a ciki, ba sa iya saita kansu da kyau idan ƙofar haske ta ƙanƙance ta wuce f/5.6, wasu su jure zuwa f/8. Ni ina f/11. Dole na koma murɗawa da hannu, da yatsun da sanyi ya ƙandare.

Sai matsala ta biyu. Duk yadda ka ninka girman tsuntsu, haka ka ninka rawar hannunka, da kaɗawar iska, har da bugun zuciyarka in ka jingina da kyamara. A tsawon 600, in kana son hoto ya tsaya, sai ƙyaftawar kyamara ta yi sauri, wajen kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa. Saurin ƙyaftawa kuwa haske yake so, hasken da na riga na sayar. Hanya ɗaya ta rage, in ɗaga lambar ISO zuwa 3200 ko 6400, tsohuwar kyamarata kuma in ta kai can sai hoto ya fito da tsaki-tsaki kamar an barbaɗa masa dusa. Na ce to bari in jira rana ta ɗaga. Rana ta ɗaga, haske ya samu, sai wani abu ya ɓullo wanda ba a rubuta a jikin kwalin ba. Hazo ya tsaya a kan ruwa, kuma wajen ƙarfe goma taɓon bakin tafki ya fara ɗumi, iskar da ke kansa ta shiga rawa irin ta kawalwalniyar kwalta. Tsakanina da tsuntsayen akwai ƙura da tururi na mita 150, gwangwanina ya ninka su sau 2 tare da tsuntsayen. Masu hangen taurari ma, da na'urorinsu na miliyoyi, iska ce babbar abokiyar gabarsu, shi ya sa suke hawa kan duwatsu.

Ban da wannan akwai idon mutane. Kowa ya san halin da kudancin Madarumfa ya shiga a ƴan shekarun nan da ɓarayin shanu da masu satar mutane. Baƙo ya kafa dogon baƙin bututu a kan ƙafa uku yana auna ƙetaren ruwa, ba abin da za a wuce a ƙyale ba ne. Masu ban ruwa a lambu suka dakata da aiki. Wani dattijo ya tako a hankali ya yi sallama, ya tsaya nesa kaɗan ya ce, "Malam, lafiya dai?" Sai da na ambaci sunan Kawu, na nuna masa hotunan amare a bayan kyamara, sannan ya saki fuska. Tun daga ranar ba na zuwa sai tare da matashin masuncin nan, kuma sai na bi lambu-lambu na gaisa kafin in buɗe jaka. Daga baya na lura su ma tsuntsayen kallon da dattijon ya yi wa bututun shi suke yi masa.

Kwana na uku ne abin ya faru. Wajen ƙarfe tara yaron ya dafa kafaɗata ya nuna can ƙetare, inda ruwa ya janye ya bar ciyawa. Wani dogon tsuntsu ne tsaye shi kaɗai, mai duhun jiki. "Ga shi nan! Wallahi shi ne!" Na juya bututu, na murɗa, na danna, na danna, na danna. Na yi ɗauka ta fi 40. Sannan na sunkuya ina buɗa hoton a bayan kyamara don in ga ko ya kamu. Da na ɗago, wurin wayam.

Daren nan a kwamfuta na zauna da hotunan har aka yi kiran assalatu. A mafi kyawunsu akwai wani abu dogo, toka-toka mai duhu, da ƙafafu biyu da iska ta lanƙwasa su kamar igiya. A saman kansa akwai wani ɗan haske rawaya-rawaya. In ka kalle shi kana son gauraka, tukku ne. In ka kalle shi da zuciyar Kawu, busasshiyar ciyawa ce a bayansa rana ta haska. Na ƙara masa kaifi, na ƙara masa launi, na ga tukkun yana ƙara fitowa, kuma na san ni nake fito da shi. A sana'ata wannan ba baƙon abu ba ne, na sha goge ƙurji a goshin amarya, na sha ƙara wa ango haske. Minti goma ya ishe ni in mai da wannan inuwa gauraka sosai, in kai wa tsohon da ba ya gani sai dishi-dishi, ya yi murna, yaron ya ci gardama, ni kuma in wanke jika 75 ɗina a gaban maiɗakina. Ba zan ɓoye ba, na yi kwafi ɗaya na fara. Abin da ya tsayar da ni ba tsoron Allah kaɗai ba ne, har da sanin wanda zan kai wa.

Na kai masa hoton yadda yake. Ya riƙe wayar dab da idonsa na dama, ya daɗe, sannan ya ajiye ta a cinya.

"Da yat tashi, wuyanai miƙe shike ko naɗe?"

Na ce ban ga tashinsa ba.

"Kana ina?"

Na ce ina duba bayan kyamara.

"Kuka fa? Kun ji?"

Yaron ya ce iska na kaɗawa, ba mu ji ba. Shi ma, ashe, lokacin da tsuntsun ya tashi ya leƙo kafaɗata yana kallon hoton tare da ni. Kawu ya yi wata ƴar dariya ta hanci. Zalɓe in ya tashi naɗe wuyansa yake yi ya kwantar da kai a kafaɗa, gauraka kuwa miƙe wuya yake, ga farin fiffike ɓaro-ɓaro, kuma da wuya ya tashi bai yi kuka ba. Abin da ido tsirara zai raba cikin daƙiƙa biyu daga nisan da ya fi wannan, mu biyu mun bar shi ya wuce muna kallon gilashi. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne, to mu ko hangen ba mu yi ba.

Sai ya sa aka ɗauko masa kan burtunsa daga rataye. Na san shi tun ina yaro: itace ne aka sassaƙa aka rufe da baƙar fata, da dogon baki, da igiyar da maharbi ke ɗaurawa a goshi. Ya shafa shi ya shiga yi mini bayani, kamar na koma ɗan shekara tara. Maharbi ba ya dosar nama kai tsaye. Yakan duƙa, ya yi gefe, ya yi kamar yana tsattsagar ƙasa, ya juya baya ma wani lokaci, domin dabba ta san abin da ke kiwo ba ruwansa da ita, abin da ya zuba mata ido shi ne mai nufinta. Ya ce ni kuwa na je na tsaya ƙiƙam a fili, da farar riga, na auna su da bututu. "Ko ni ne kirinjijiya, tashi nikai." Na ce to ya ara mini burtun. Ya ce burtu ba ya shiga ruwa, tsuntsun ruwa kuma ba wawa ba ne. Abin da suka saba da shi jirgin masunta ne. In riga su zuwa, in kwanta, in bar rana a bayana, in bar su su zo.

Haka muka yi bayan kwana biyu. Tun kafin asuba yaron ya tura jirgi cikin ciyawar bakin ruwa, kusa da wani tsibirin taɓo da suke sauka. Na kwanta rub da ciki a ƙasan jirgi, ya rufe ni da tsohuwar koma mai ƙarnin kifi, ya zauna yana gyaran ƙugiya kamar ba komai. Ruwan da ke ƙasan jirgin ya jiƙa ni har ƙirji, ga sanyi, ga sauro, ga tunanin tsargiya. Na cire ɗan ƙari na sa a aljihu, domin a wannan duhu ba shi da amfani. Mun fi awa ɗaya a haka. Sai na ji fito sau uku-uku daga sama, sannan fuka-fukai, sannan ruwa ya fantsama. Da haske ya faɗo, ga kirinjijiya sun fi 30 a gabana, na kusa bai wuce mita 20 ba. Kyamara ta saita kanta nan take. A karon farko na ga abin da nake ɗauka: farar fuska kamar an shafa alli, baƙar ƙeya, ƙirji ja kamar ƙasar tukwane, da siraran zane-zane a haƙarƙari, ɗaya tana gyara wa ɗaya gashin wuya.

Daga baya na zauna na yi lissafin, don in san inda kuɗina ya tafi. Kirinjijiya tsawonta wajen santimita 45 ne. Allon da hoto ke sauka a cikin kyamarata faɗinsa bai cika milimita 24 ba. Daga mita 100, gilashin 300 zai zana ta a kan allon da tsawon da bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Ɗan ƙari ya mai da ita kusan milimita 3, ya karɓi kashi uku cikin huɗu na haske ladan aikinsa. Daga mita 20 kuwa, ba tare da shi ba, ta kusa milimita 7, da cikakken haske, kuma ƙurar da ke tsakaninmu ta ragu sau 5. Jirgin da tsohuwar komar jika 2 na ba yaron, shi ma sai da na matsa ya karɓa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa nake gwangwanin banza ne. Ranarsa ta zo da farkon damina, lokacin da shamuwa ta dawo daga kudancin Afirka ta yi sheƙa a bishiyar da ke bayan gidan Kawu. Ruwan farko ya wanke sama, ba hazo, rana tas. Na kafa ƙafa uku a tsakar gida, yara na kewaye da ni, shamuwa na bisa kanmu da mita 10 ko 12, ko kallo ba mu ishe ta ba. Na ɗaura ɗan ƙari, na murɗa da hannu a natse tunda ba inda za ta. Hoton da ya fito shi ne mafi kyau da na taɓa ɗauka na wani abu mai rai, har da amare: shuɗiyar fatar fuska, ɗan ja a gaban ido, jajayen gwiwoyi, da fara a bakinta za ta ba ƴaƴa. Wato kayan yana aiki in akwai haske, iska ta yi tsabta, tsuntsu na kusa kuma ya natsu. Yana cika hoton da ya riga ya kusa cika. Wanda ke da gilashi mai faɗin baki, ya sayi mai sau 1.4, zai ji daɗinsa. Wanda ke da irin nawa kuma yana fatan ya jawo ƙetaren tafki da hunturu, gara ya riƙe kuɗinsa.

Ina kallon shamuwar nan ne wani abu ya faɗo mini. Ita da kirinjijiya duk tsuntsaye ne, a gari ɗaya, tsakanin mutane ɗaya. Ɗaya ta bar ni na tsaya ƙarƙashinta da yara goma suna ihu, ɗaya ba ta yarda da ni a mita 100 ba. Shamuwa ba a taɓa ta a ƙasar Hausa, yaron da ya ɗaga mata danƙo zai sha faɗa daga duk babban da ya gan shi, domin ita ce mai albishir da ruwa, kuma tana cinye fara a gona. Kirinjijiya kuwa nama ce. Nisan da kowace ke bari tsakaninta da mutum, mu muka koya mata shi, tsara bayan tsara. Milimitocin da masu hoto ke ta saye da tsada, rabinsu wannan tsoron ake biya.

Na faɗa wa Kawu haka da daddare, muna zaune mu biyu. Ya yi shiru har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can sai ya ce, shekarar da aka yi auren mahaifiyata kuɗi ya yanke masa, ga gudummawa a kansa. Ya san inda gauraki suka yi sheƙa cikin ciyawa a ƙetare. Ya je ya kwashe ƴaƴan biyu, ya sayar wa wani mai kai wa masu kuɗi a birni. Ya ce uwar da uban sun yi kwana uku suna kewaya wurin suna kuka, ana ji har cikin gari. Ba shi kaɗai ke yi ba, in ji shi, kuma ruwan ma ya ragu tun da aka datse gulbi a Jibiya, rairayi na cike tafkin, lambu ya ci wurin ciyawa. Ya lissafa duk wannan, sannan ya ce, "Amma biyun nan ni na ɗauka." Ban taɓa jin labarin ba, mahaifiyata ma na tabbata ba ta sani ba. Sai a lokacin na gane ba don ya kunyata yaron ya aike ni ba.

Bayan girbi na sayar da ɗan ƙari ga wani mai ɗaukar wasan kokawa, jika 50, na yi asarar 25. Na ɗora abin da ya samu, ƴaƴansa da sauran ƴan'uwa suka cika, aka kai Kawu aka yi masa aikin idon dama. Likitan ya ce sun cire gilashin idon da ya yi hazo sun sa masa na roba. Maiɗakina tana wurin da aka faɗi haka, ta dube ni, ba ta ce komai ba, wanda ya fi a ce ta ce.

Da aka cire bandeji ya warware, na je gaishe shi. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce ashe na yi furfura. Na nuna masa kirinjijiya, ya ƙirga su da yatsa. Na nuna masa shamuwa, ya ce wannan ai ta gidanmu ce. Sannan ya ce in buɗo masa wancan. Na buɗo. Wannan karon nesa da fuska ya riƙe wayar, ya karkata ta, ya sa na ƙara girma, ya sa na rage.

"Wanga ko kututture shina iya zama," in ji shi.

Na ce to in goge?

Ya ce in bar shi. Ya miƙo mini wayar, ya tambayi yaron ko jirginsa zai ɗauki mutum uku, ya ce in sanyi ya shigo in zo da wuri, kuma in bar farar rigar nan a gida.